Robon Hiba da Gangaren Baranda

"Mama, wannan shi ne ƙanen da kika ce Allah zai kawo mini?"

Achta ce ta yi tambayar, 'yar shekara huɗu, tana tsugune a baranda ta zuba wa abin ido. Abin kuwa yana kwance a kan babban faranti: tayoyi biyu masu faɗin murfin kofi, ƙananan injuna biyu, allunan roba uku da aka jera hawa-hawa, da wayoyi ja da baƙi sun yi cirko-cirko. Duk tsayinsa bai wuce kwalbar man gyaɗa ba.

Da su biyu ne kaɗai da sauƙi. Amma ga Hadje, surukar Hibatullahi, a kan tabarma tana fifita gawayin shayi. Hiba ta sunkuyar da kai kamar wadda ke neman wani abu a cikin wayoyin.

Hadje ta ce, "Tambaye ta dai, ƙawata. Ni ma shekara biyu ke nan ina jiran amsar."

Honorine, abokiyar aikin Hiba a makaranta, 'yar Mokolo, ta kwashe da dariya har ta kusa kifar da kwamfutar da ke cinyarta. "In Hiba ce uwarsa, ni ce uban ke nan. Achta, zo ki gaida baban ƙaninki."

"Robo ne," in ji Hiba. "Aikin makaranta ne. Matsa baya, kuma ki fitar da yatsan nan daga bakinki in gani."

Ta duba bakin yarinyar, babu komai. Duk da haka sai da ta buɗe gwangwanin madarar da take ajiye ƙananan kusoshi masu zare, ta sake ƙirga su. Shida suka rage bayan haɗawa, shida ta tarar. Tun ranar da kwalin nan ya shigo gidan, haka take yi kafin a fara aiki da bayan an gama, sannan ta bi barandar da tsintsiya. Batira kuwa a saman kwaba suke kwana, inda ko Achta ta hau kujera ba za ta kai ba.

Wannan ce shekarar ƙarshe ta Hiba a karatun injiniya a nan Garwa. An raba wa ɗalibai kayan robo, kwali ɗaya ga mutum biyu, kuma gobe da ƙarfe tara malaminsu, Mushe Jafaru (Mushe shi ne Malam a bakin masu Faransanci), zai zana da'ira da alli a ƙasan aji. Kowane robo sai ya tsaya a kan tayoyinsa biyu cikin da'irar, minti ɗaya cur, ba hannun kowa. Honorine tana da maki a ajiye, ko ya faɗi za ta wuce. Hiba ba ta da su, domin ranar wata babbar jarrabawa tana asibiti da Achta ana ƙara mata ruwa. In robon nan ya faɗi gobe, sai ta maimaita shekara. Maimaitawar kuma babu ita, saboda Hadje, da ta baro shagonta na turare a Kusiri ta zo riƙon Achta, ta faɗi magana tun ranar farko: shekara uku za ta yi, ba ƙari. Har ta fara ɗaure kaya. Jaka biyu na nan a bayan ƙofa, kullum Hiba sai ta gan su in za ta ɗauki tsintsiya.

Yadda abin ke aiki ba wuya a baki. A ƙirjinsa akwai wata 'yar na'ura mai girman farce da ke jin duk inda ya karkata. In ya karkata gaba, sai tayoyi su ruga gaba su tare shi. In baya ne, su koma baya. Kamar dai yaron da ya ɗora sanda a tafin hannu yana binta da gudu. Sai dai kafin komai, dole a nuna masa mene ne miƙewa: a tsayar da shi cak, a danna wani maɓalli, shi kuma ya riƙe wannan a kansa. Sun yi hakan tun safe, kuma sun yi shi da kyau. Hiba ta ɗauko ƙarfen nan mai kusurwa da mijinta Brahim ke daidaita bango da shi, ta kafa gefe ɗaya a daɓen baranda, ta jingina robon da ɗaya gefen, Honorine ta danna.

"To, bismilla," Hiba ta ce. Ta kunna shi, ta tsayar, ta janye hannu a hankali.

Robon ya ɗan yi rawar jiki, ya tsaya kamar mai tunani. Can sai ya fara tafiya gaba, ya ƙara sauri, ya ƙara, ya sauka tsakar gida a guje, ya kifa da fuska dab da rariya. Tayoyin suka ci gaba da juyawa a sama suna kuka.

Achta ta tafa. "Kuma! Kuma!"

Wannan ne faɗuwa ta goma sha ɗaya tun azahar. Da ba don Hiba ta cusa tsoffin safunan Achta ta ɗaure masa a ka ba, da tuni ya fashe, kuma makaranta ba ta ba da kwali na biyu.

Honorine ta koma kan kwamfuta. Lambobi uku ne ake juyawa, su ke gaya wa tayoyin yadda za su yi ƙarfi da yadda za su yi haƙuri. Ta ɗaga na farko. Robon ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓin cizon sauro, sannan ya ruga ya kifa dab da rariya. Ta sauke shi ta ɗaga na biyu. Wannan karon ya yi tangaɗi hagu da dama, ya ja baya kaɗan kamar zai gaida Hadje, sannan ya ruga.

"Kawuna sak," in ji Honorine. "Haka yake dawowa ranar kasuwar Mokolo. Shi ma gaisuwa yake fara yi kafin ya faɗi."

"Allah ya shirye ku, ke da kawun naki," Hadje ta ce, tana zuba shayi daga sama. "Ni abin da ban gane ba, uwar Achta, wa ya hana ku sa masa taya na uku? Ko mai baro a kasuwa ya san a sa wa abu ƙafa ya zauna."

"Hadje, in an sa na uku ai babu jarrabawa. Tsayuwar ce karatun."

"Shekara uku don a koya wa kwalba tsayuwa. To. Kalas, magana ta ƙare."

Hiba ta tashi ta ɗauke murhun gawayin ta mayar da shi can bayan randa, domin ta lura hanyar robon na matsowa kusa da shi, kuma ta karanta abin da batir irin wannan ke yi in ya ji wuta. Hadje ta bi murhunta da ido, ta bi surukarta da ido, ta ja tabarma ta koma can ita ma.

La'asar ta yi, suka yi salla, Honorine ta sha ruwa ta wanke fuska. Zafin Garwa na ƙarshen bazara ya kwanta a tsakar gidan, ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Suka kwance wayoyin injunan suka sake ɗaurawa, ko an juya su ne. Ba a juya ba. Suka cire 'yar na'urar suka duba, suka mayar. Honorine ta kira wani ɗan ajinsu ta karɓi lambobinsa, tunda nasa ya tsaya. Suka sa. Nasu ya ruga rariya da lambobin mutane.

"Wataƙila namu ne lalatacce tun daga kwali," Honorine ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "In mun gaya wa Mushe..."

"Zai ce me ya sa ba mu faɗa ba tun sati uku." Hiba ta goge zufa da bakin zane. Idonta ya kai kan jakunkunan bayan ƙofa, ta ɗauke shi. "Sake ɗaya."

A wannan karon Achta ta gaji da kallo daga nesa. Ta sauka tsakar gida da kofinta na zoɓo, wanda a nan ake ce wa folere, ta ajiye shi a ƙasa, ta buɗe hannuwa za ta tare. Kafin Hiba ta buɗe baki, robon ya taho ya yi karo da kofin, kofin ya kife, shi ma ya kife.

Hiba ba ta san lokacin da ta dira ba. Ta ɗaga yarinyar, ta duba yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ta duba ƙauri, ta juya tafin hannu. Ko ƙwarzane babu. Achta dai kukan zoɓonta take yi.

"Sau nawa zan ce miki kada ki sauko? Sau nawa?"

"Ai zai faɗi ne!"

"Bar shi ya faɗi. Shi ba jini gare shi ba."

Tana rungume da ita ne ta ga zoɓon. Bai taru wuri ɗaya ba. Ya ja jan layi siriri a kan siminti, yana tafiya abinsa, ba gaggawa, ya bi ta gefen turmi, ya wuce inda tayoyin robon suka bar baƙin zane sau goma sha wani abu, ya shige rariya. Hiba ta sauke Achta. Ta hau baranda, ta ɗebo ruwa a moɗa, ta zuba daidai inda suka kafa ƙarfen Brahim da safe. Ruwan bai tsaya ko gaisawa ba, ya gangara.

"Honorine, ajiye wayarki a nan. Buɗe abin nan mai auna karkata."

Honorine ta ajiye. Ta kalli lambar, ta kalli Hiba. "Digiri uku. Hiba, digiri uku! Mun koya masa karkace, mun ce masa shi ne miƙe. Tun safe bawan Allah yana neman abin da muka gaya masa."

Suka bi gidan da waya a hannu suna neman wuri shimfiɗaɗɗe. Ɗakin Hadje, digiri biyu. Ɗakin Hiba, biyu da rabi. Madafa, huɗu. Hiba ta kira Brahim, wanda ke aikin gini a Ngong tun ranar Litinin, ta sa shi a sifika.

"Baban Achta, daɓen gidan nan, akwai inda ka yi shi daidai?"

"Duka daidai yake," ya ce, ana jin ƙarar shebur a bayansa.

"Ina nufin shimfiɗe. Wanda bai karkata ba."

"Haba! Allah ya kiyaye. Ni zan yi daɓen da ruwa zai kwana a kai? Shekara biyar kina wanki a barandar nan, kin taɓa share ruwa da tsintsiya? Har ɗakunan na ba su gangare, ko Achta ta yi fitsari sai ya nemi ƙofa da kansa. Tambayi Hadje, magina nawa ne a Garwa suka iya wannan?"

"Ɗana ya iya aiki," in ji Hadje daga bayan randa.

"Ya iya," Hiba ta ce. "Sai ka dawo." Ta kashe. Honorine na kwance a kan siminti tana dariya ba sauti.

Yanzu da suka san ciwon, sai suka ɗauka sun gama. Suka ɗora wayar a saman robon, suka juya shi har lamba ta nuna sifili, suka danna maɓalli. Ya tsaya sakan biyar, takwas, goma. Hiba ta fara murmushi. Sai ya soma ja da baya, sannu sannu kamar mai barin gaban sarki, ya ƙara sauri, ya faɗi da ƙeya.

"Batiran ne," Honorine ta ce bayan ta juya shi a hannu. "Sun fi nauyi ta baya. Ko ya miƙe a ido, nauyin bai zauna a kan tayoyin ba. Sai mun kwance hawa na sama mun sake huda." Ta kalli sama. Gabas ta fara haɗa baƙin hadari, kuma in ruwa ya sauko, babu ɗan moto, wato ɗan acaɓa, da zai kai ta unguwarsu. "Hiba, ba mu da abin huda. Ba mu da lokaci ma."

Hiba ta zauna dirshan, robon a tsakanin gwiwoyinta, a kashe. Tana riƙe da shi ta gaba da baya da tafukan hannu biyu, ba don komai ba sai don kada ya faɗi. Hadje ta taso da kofin shayi ta ajiye mata.

"Dubi yadda ta kakkama shi. Haka kika yi wa wannan," ta nuna Achta da baki. "Wata goma sha huɗu yarinya ba ta taka ba, kullum hannunki na hammatarta."

"Ai ta taka daga baya."

"Da na kore ki madafa ba."

Ba korar Hiba ta tuna ba. Abin da ta tuna shi ne hannunta a hammatar Achta, da wani ɗan lokaci da ke zuwa, wanda ba ido ke ganinsa ba: yarinya tana danna hannunka ta gaba, tana danna ta baya, sai can ka ji nauyin ya bar yatsunka gaba ɗaya, ya koma ƙafafunta. Ba ruwan wannan da bango ko daɓe.

"Achta, ba ni silifas ɗinki."

Ta tokare tayoyin da silifas biyu don kada su gangara. Ta janye tafukan hannunta, ta bar yatsa ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kowane da ɗan rata kamar kaurin takarda. Robon ya jingina da na baya. Ta tura shi kaɗan, ya jingina da na gaba. Ta mayar. Ta rufe ido.

"Honorine, sa yatsa a kan maɓallin. Kada ki danna sai na ce. Kowa ya yi shiru."

"Mama..."

"Har ke."

Gaba. Baya. Gaba kaɗan. Sai ta ji yatsun biyu babu wanda ke ɗauke da komai.

"Danna."

Da aka duba wayar, ta ce ya karkata gaba da digiri ɗaya da ɗan wani abu. Honorine ta yamutsa fuska, amma ta kunna. Hiba ta zare silifas, ta janye hannu. Robon ya yi gaba taƙi ɗaya, ya dawo, ya yi baya taƙi ɗaya, ya dawo, injunan na 'yar ƙara kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. Gangaren Brahim na jansa, shi kuma yana turjewa. Honorine na kallon agogo, leɓɓanta na motsi. Minti ɗaya ya wuce. Aka shiga na biyu. Achta ta ɓuya a bayan zanen kakarta tana leƙe, don tunda ya daina faɗuwa sai ya fara ba ta tsoro.

Hadje ta daɗe tana kallo. "Shi ke nan aikin nasa? Ba ya shara?"

Iska ta taso, Honorine ta tura kwamfuta a jaka ta fita da gudu neman moto. Hiba ta cire batira ta mayar saman kwaba, ta ƙirga kusoshi, shida.

Washegari ajin ya cika da ƙarar ƙananan injuna. Hiba ta sa sabon gyalenta mai ruwan toka, mai 'yan tuntaye a baki. Mushe Jafaru, dogo mai gilashi, wanda ɗalibai suka ce ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ya zana da'irarsa ya tsaya da agogo. Na mutum biyun farko ya tsaya. Na biyu ya fice daga da'ira ya shige ƙarƙashin benci. Aka kira Hibatullahi da Honorine.

Ta tsayar da shi a tsakiya, ta saki, amma ta kasa tashi. Hannuwanta na shawagi a gefensa.

"Madam, taku uku baya," in ji malamin. "In inuwarki ta taɓa shi ma, sifili ne."

Ta ja baya. Honorine ta riƙe mata hannu gam. Sakan ashirin, yana nan. Talatin. A arba'in sai ya fara sulalewa gefen taga, kaɗan kaɗan, yana gaba yana baya amma gaban ya fi yawa. Wani daga bayan aji ya ce, "Ya tafi!" A hamsin taya ɗaya ta hau kan allin, har farin ya kama ta. Robon ya tsaya a kan layin yana rawa, kamar mai shawara, sannan ya dawo ciki da faɗin yatsa biyu.

"Minti ɗaya," in ji Mushe Jafaru.

Hiba ta manta da aji, ta manta da malami, ta manta da makunni. Ta sure robon ta ɗaga shi sama ta kawo ƙirji. Shi kuwa da ya ji babu ƙasa a ƙarƙashinsa, sai ya ɗauka faɗuwa yake yi, ya sake tayoyinsa da iya ƙarfinsu. Taya ɗaya ta cafki tuntun gyale. Kafin ƙiftawar ido ta naɗe kusan kamu guda, ta ja kan Hiba ƙasa har goshinta ya bugi hawa na sama. Hannu ɗaya na dafe da ɗankwali, ɗaya na riƙe da robo, tana cewa, "Kashe! Kashe shi!" Honorine na dariya tana laluben makunnin a cikin gyale, da ƙyar ta same shi.

Ajin ya kaure da dariya. Har Mushe Jafaru sai da ya juya ya fuskanci allo na ɗan lokaci, kafaɗunsa na motsi. Da ya juyo ya gyara gilashi ya ce, "Sha biyar na yi niyya. Amma robo mai hankali, in an ɗaga shi, ya kamata ya tsayar da tayoyinsa da kansa. Layi biyu ne a kwamfuta, ba ku rubuta ba. Sha uku." Goma cikin ashirin kawai Hiba ke nema.

Sai da suka yi awa guda a gindin bishiya suna tsince zare daga cikin tayar da allura, don makaranta ba ta karɓar kayanta da datti. Gyalen dai almakashi ne ya raba su. A nan Hiba ta kira gida, goshi a kumbure.

"Hadje, ya tsaya. Sha uku."

"Alhamdulillahi. To ki biyo ta tasha ki tambayo mini motar Kusiri ta ranar Asabar." Can ta ƙara da cewa, "Ko ta Asabar ta sama. Yarinyar nan ba ta gama koyon Fatiha ba."

Ke da ke karanta wannan, in irin kwalin nan ya shigo gidanki, ko naki ne ko na ƙaninki, ki ji da kyau. Kada a ɗaga abin nan daga ƙasa sai an kashe shi. Gyale ne ya ci a ajin nan, kuma gyale ana sayen wani. Tayar da ta naɗe kamu guda na yadi kafin babbar mace ta ce wayyo ba za ta tsaya tambaya ba in kitson 'yarki ta samu, ko ɗan yatsanta. Ki ɗaure mayafinki ta baya, ki sa yara su hau tabarma su zauna, kuma ki san inda makunnin yake tun kafin ki kunna.